Amsoshin Tambayoyinku: Zauren zane da aikin hannu na manya masu buƙata ta musamman

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonni sun taru a kan maganar zauren fasaha, toh bari mu ɗauki waɗanda lokaci ya bari.

Wata baiwar Allah daga Kurna ta rubuto tace ƙanenta ya haura talatin, yana da lalurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa, magana ba sosai ba, amma in ya samu biro da kwali sai ya wuni yana zane. Tana tambaya wai wannan zauren makaranta ce ko asibiti?

Hajiya ba ko ɗaya. Ɗaki ne da tebura da fenti da yumɓu da zare, mutum ya zo da safe ya zauna ya yi abin da ransa ke so, masu kula da wajen kuma aikinsu su miƙo kaya su nuna yadda ake riƙe burushi in an tambaye su, amma ba sa karɓar takardar mutum su ce kawo in gyara maka. Wanda aka fi sani a duniya shi ne Creative Growth a garin Oakland na Amurka, tun 1974 yake. A can wata mata Judith Scott ta yi aiki, an haife ta 1943 da lalurar Down sindrom, wato wata lalura da ake haihuwa da ita mai jinkirta girman ƙwaƙwalwa, kuma kurma ce, ta shekara 35 a gidan da ake ajiye masu irin lalurarta kafin 'yar tagwaicinta Joyce ta ɗauko ta. Ta fara zuwa zauren a 1987 tana da shekara arba'in da 'yan kai, kusan shekara biyu ba ta yi wani abin kirki ba kuma ba wanda ya ce ta daina zuwa, sai ranar da ta ga zare ta fara naɗe abubuwa da shi, sanda, kujera, duk abin da hannunta ya kai, ta ci gaba har rasuwarta a 2005, yau ayyukanta suna manyan gidajen adana kayan fasaha. Shekara biyun nan da aka yi mata haƙuri ita ta fi tsaya min a rai wallahi. Dan haka kar ki zubar da kwalayen ƙanenki, ki samu jaka ki dinga tarawa kina rubuta kwanan wata a baya.

Wani ɗan'uwa daga Tudun Wada yace meye bambancin wannan da koyar da sana'a da ake yi a raba keken ɗinki? Malam sana'a abu ne mai kyau, ga ƙungiyar masu lalurar shan inna nan cikin Kano suna walda suna ƙera keken guragu suna ci da iyali. Amma koyar da sana'a wata uku ne ko shida, kowa ya yi abu iri ɗaya, a yi bikin yayewa a watse. Zaure ba a yaye kowa, kuma in an sayar da aiki sunan mai shi ne a jiki, a raba kuɗin tsakaninsa da zauren.

Wani malami daga Gwale yana tsoron zanen mai rai. Allah gafarta malam hukunci naku ne malamai, ni dai abin da zan ce shi ne fasahar garin nan yawancinta ba ruwanta da surar mai rai. Zayyanar allo, dagi a jikin bango, ɗinkin hula, dukanci, ƙullin rini irin na marinar Ƙofar Mata. Makaho ma da ya saba tufkar igiya hannunsa ya riga ya san saƙa.

Sai wasu matasa daga Sharaɗa da ke son buɗe irinsa a unguwa, suna tambaya ta ina za su fara, fenti ko tebura? Samari ku fara da ƙofa da banɗaki. In keken guragu ba zai shiga ba, ko akwai matakala uku a bakin ƙofa ba gangara, toh kun riga kun kori rabin mutanenku, kuma ba wanda zai wuni a wajen da ba zai iya kama ruwa ba sai an ɗauke shi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun farkon 2024 amma ku zaga gari ku gani da idonku. Ku nemi mai iya maganar hannu saboda kurame, waɗanda suka yi makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki za su taimaka, ku ware ranar mata da mace mai kula dan iyaye su saki jiki, ku sa kuɗin adaidaita sahu cikin lissafi tunda shi ke fara hana mutum zuwa. Kuma dan Allah banda ɗaukar hoton mutum a sa a Facebook ana neman tallafi ba tare da ya yarda ba, waɗannan manya ne, wasu da aure da 'ya'ya. Kafin ku sayi ko burushi ɗaya ku je ku zauna da su da shugabanninsu, sarkin makafi da sarkin guragu, ku ji wace rana da wane lokaci ya fi musu.

Lokaci ya ƙure, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.