Sufagulu Ya Cinye Mini Fiffiken Sati Uku a Agege

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ƙanena, matso da wayar kusa, ka haska musu nan wajen sosai. Kun ga ramin nan? Yatsuna biyu ke shiga ciki. Fiffiken ɗan ƙaramin jirgina mai rimot ne wannan, da farin fom na yi shi, tsawonsa mita 1.2, sati uku cur ina aikinsa da daddare bayan na taso daga shago a Computer Village. Na yanka shi da reza, na goge shi da samfefa har ya yi sumul kamar bayan kifi. Daren jiya, cikin abin da bai kai minti 1 ba, ina ji ina gani ya lotsa, ya yi baƙin rami, wani wari ya tashi mai sa hawaye. Wallahi ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya faru shi ne gam ɗina na fom ya ƙare, saura haɗi ɗaya tak in gama. Na sauka bakin titi wajen wani mai tireda, na ce masa, "Alhaji, kana da gam da zai kama farin fom ɗin nan na cikin kwalin talabijin?" Ya miƙo mini sufagulu na naira 300, ya ce, "Malam, wannan ai har ƙarfe yana kamawa." Gaskiya ya faɗa, yana kama ƙarfe, ni kaina na san haka. Kuma na san yana cin fom, na sha gaya wa mutane. Amma na ce ɗigo biyu ne kawai, me zai yi? Sauri ya haifi nawa. Ga sakamakon a hannuna.

To tunda ran ya riga ya ɓaci, bari in zauna in gaya muku abin da na sani kan gam, ko wani zai tsira da nasa fiffiken.

Da farko ku daina cewa fom kawai kamar duk ɗaya ne. Wannan fari mai ƙwaya-ƙwaya, da nake samowa wajen masu sayar da firji da talabijin a Alaba International, sunansa EPS. In ka karya shi sai ya ce ƙas, ƙwayoyinsa su watse su manne maka a riga. Akwai ɗan'uwansa mai santsi da ake sayarwa falle-falle, wanda masu wannan harka suka fi sani da Depron. Asalinsa don tare sanyi da zafi a bangon gida aka yi shi, mu muka mayar da shi jirgi. Su biyun jinsi ɗaya ne, kuma su ne marasa haƙuri. Sufagulu na kasuwa yana cin su. Sholisho yana cin su. Gam ɗin nan mai ruwan zuma na masu gyaran takalma, wanda warinsa ke hawa kai, shi ma yana narka su. Duk wanda ya taso a Arewa ya ga yadda ake jefa farin fom cikin fetur ya narke ya zama ƙulli, a liƙe kwanon rufi mai yoyo da shi. To abin da ke faruwa ke nan a kan fiffikenka in ka shafa masa gam mai irin wannan sinadari. Har fentin feshi na gwangwani yana yin haka. Shi ya sa kore da farin da kuke gani a jelar nan fentin ruwa ne, da buroshi na shafa.

Sai kuma wani fom ɗin da ake kira EPP, wanda wasu jiragen da ake yi don masu koyo ke zuwa da shi. Shi in ka matsa shi da yatsa sai ya dawo, ka lanƙwasa shi ba ya karyewa. Wannan bai damu da sufagulu ba. Wani abokina ɗan Ibo da muke tashi tare yana da irinsa, a gabana jirgin ya daki ƙasa da hanci, ya ɗiga sufagulu, ya sake tashi kafin in gama shan ruwan leda. Ganin nan ne ma yake yaudarar mutane, su dawo gida su gwada a kan nasu farin fom.

Na tuna muna yara a Zariya, babu wanda ya san wani gam. Bayan girbi sai mu bi gonaki mu tsinto karan dawa, mu fere ɓawon, mu riƙa soka shi cikin farin tsakiyar karan, a haka muke haɗa mota da jirgi. In abu ya ƙi zama a nemo ƙaya. Kuma muna da abin kwaikwayo a saman kanmu, don ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, kullum suna shawagi. Mu bi su da gudu muna ɗaga hannu. Yau ga ni a Agege, manyan jirage na sauka filin Murtala Muhammed suna wucewa har tagar ɗakina na rawa, amma filin da zan tayar da nawa ɗan ƙaramin babu. Ba a wasa da jirgi mai rimot kusa da filin jirgin sama, haɗari ne kuma doka ta hana, kar wani ya gwada. Sai mun fita can bayan Ikorodu. A gida kuwa ka fita bayan gari kaɗan, fili har iya ganinka. Kai, Allah ya kai mu Sallah in je in ga Hajiya.

Tafiyar Ikorodu ɗin ce ta koya mini halin gam ɗin kyandir, wanda ake narkawa da bindiga. Ina son gam ɗin nan, ba zan ɓoye ba. Bindigar naira 6,500 na saye ta a Oshodi, kyandir ɗin kuma ko'ina akwai shi. Ka matsa, ka haɗa, ka ƙirga talatin, ya kama. In kana aiki da fom mai takarda gaba da baya, babu kamarsa wajen sauri. Amma wata Asabar muka sa jirgin a but ɗin mota, muka faɗa cikin cunkoso wajen Ketu da Mile 12 kusan awa 2, rana na dukan motar. Da muka buɗe but, jelar ta karkace gefe guda, gam ɗin ya yi laushi kamar alewar da aka manta a aljihu. Abin da zafi ya narkar, zafi zai sake sassauta shi. Ranar ko tashi ba mu yi ba, kuɗin mai ya tafi a banza. Sannan in bindigarka mai zafi sosai ce, irin mai kaiwa digiri 190, gam ɗin da kansa zai huda fom ɗin. Ni cire ta nake daga soket in bar ta ta ɗan huce kafin in matsa. Ga matsalar wuta kuma, kana tsakiyar haɗi a ɗauke, ka zauna kana kallon bindiga tana sanyi.

Babban laifin gam ɗin kyandir dai nauyi ne, kuma nan ne sababbin shiga ke faɗawa. Mutum ya ga gam na zuba sai ya yi ta lafta shi a jela don ya yi ƙarfi. Jirgi kamar sikelin mai nama yake. Akwai wurin da dole ya daidaita in ka ɗora shi a kan yatsu biyu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. A jirgin nan nawa, daga wannan wuri zuwa jela ya ninka daga nan zuwa hanci sau 3. Ke nan giram 10 na gam da na ƙara a jela, sai na nemo giram 30 na sa a hanci kafin ya daidaita. Giram 40 ke nan na banza da ɗan injin zai yi ta ja, batir na ƙonewa. Jirgi mai nauyin jela kuwa ba ya jin magana, sai ya ɗaga kai sama ya tsaya cak ya rikito.

Wanda ya ƙare mini jiya, wanda rashinsa ya jawo duk wannan, shi ne UHU Por na Jamus. Ku lura da kalmar Por ɗin a jikin kwalin, don ba shi ne UHU na gama-gari da 'yan makaranta ke saya ba. Wannan musamman don fom aka yi shi. Ta intanet nake oda, tub ɗaya da kuɗin kawowa ya kusa cin naira 15,000 a sayen da na yi na ƙarshe, kuma na jira kwana tara. Yadda ake aiki da shi sai da haƙuri. Ka shafa siriri a wannan gefe, ka shafa a wancan, ka ajiye su daban kamar minti 10 har ka taɓa ka ji ba ya bin yatsa. Sannan ka haɗa. Amma fa ka daidaita hannunka, don da zarar sun taɓa juna shi ke nan, babu gyara. Abin da ya sa nake ƙaunarsa, ko ya bushe ba ya ƙandarewa, yana lanƙwasa tare da fom ɗin, har maɗaurin fiffike mai motsi ina yi da shi. Kuma ba shi da wani nauyi sosai. Akwai sufagulu na musamman da aka rubuta ba ya cin fom, na taɓa amfani da shi, yana da kyau wajen gyaran gaggawa a fili, amma yana da tsada kuma damshin Legas na saurin daskarar da shi cikin kwalba in ka buɗe. Sufagulu dama da laima yake kamawa, shi ya sa yake manne yatsu nan take.

Damshin nan da ke jiƙa mana katifa a damina, akwai gam ɗin da yake masa rana. Gorilla Glue, mai launin ruwan ƙasa. Shi da ruwa yake nuna, yana kumbura ya ninka kansa sau 3 zuwa 4, ya bi duk wani rami ya cike. Da a Zariya nake lokacin hunturu, da leɓe ke tsagewa, sai na fesa ruwa kafin ya yi aiki yadda ya kamata. A nan ɗan huci kawai nake masa, iskar gari ta ƙarasa sauran. Gargaɗina a kansa biyu: ka sa kaɗan ƙwarai, kuma ka ɗaure haɗin da salatif tam, in ba haka ba kumfar za ta ture ɓangarorin biyu ka wayi gari fiffike ya baje. Ka sa safar hannu ma, in ya taɓa fata sai ya yi kwanaki yana baƙi.

Farin gam na kafintoci ba ya cin fom, amma kar ka ɓata lokacinka. Shi sai ruwan cikinsa ya fita yake bushewa, katako na tsotsewa, fom ba ya tsotsewa. Na taɓa buɗe haɗi bayan kwana biyu na tarar da tsakiyarsa ɗanye shar.

Aradaid kuma, mai tub biyu da ake cakuɗawa daidai wa daida, wuri ɗaya nake kai shi: inda katakon da ke riƙe injin yake haɗuwa da hancin jirgi. Nan ne farfela ke ja, nan ne girgiza take. Na minti 30 ya fi na minti 5 riƙo, kuma yana ba ka damar daidaita katakon a natse. In ka bi jirgi duka da shi ka gina dutse, kuma ranar da ya faɗi ba haɗin ne zai karye ba, fom ɗin gefensa ne zai tsage.

Ba yabon kai ba, a wajen da muke tashi mu bakwai ne, ni kaɗai ne Bahaushe, kuma ni kaɗai ke gina nawa daga fom ɗin cikin kwali. Sauran duk saye suke. Wani dattijo Bayarabe, tsohon injiniya, ya ɗaga jirgina na baya ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya tambaye ni a ina na yi karatu. Na ce masa, "Baba, a gonar dawa." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Shi ya sa ramin nan yake mini ciwo, don wannan fiffiken na yi masa alkawarin zai gani ranar Lahadi.

Yanzu ku duba yadda zan ceto shi. Na riga na yanke wurin da ya ƙone, murabba'i, da sabuwar reza. Tsohuwar reza yage fom take yi. Na yanko wani guntu daidai ramin daga ragowar fom ɗin da na yi fiffiken da shi. Wannan kuma tsinken tsire ne, guda biyu, mai tsiren layinmu ɗan Sakkwato ya ba ni kyauta da na gaya masa abin da ya faru. Zan soka su ta cikin guntun su shiga fiffiken hagu da dama, su zame masa ƙashi. Kafin nan ga ɗan ɓallin fom a gefe, na ɗiga masa Gorilla Glue ɗin da zan yi aikin da shi tun ɗazu da muka fara magana, kun ga bai yi komai ba, lafiyarsa ƙalau. Daga yau kowane gam ya shigo ɗakin nan, ko wa ya kawo shi, a kan ɓalli zai fara sauka.

Ƙanena, riƙe mini nan gefen, kar ka matsa da ƙarfi. Yawwa. Ɗigo uku ya isa. Miƙo salatif ɗin. Zan ɗora masa littattafai biyu ya kwana a haka, gobe bayan sallar Asuba in yanke kumfar da ta fito in bi shi da samfefa. In ya daidaita a kan yatsu, Lahadi da ƙarfe 6 muna hanyar Ikorodu kafin rana ta yi zafi, kuma wannan karon a kan cinyata zai zauna, ba a but ba.