"Jimmy Wa?": Yadda Manomin Gyaɗa Ya Sha Gaban Manya a Zaɓen Fid da Gwani na Amurka

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. A watan Disamba na 1974 wani mutum mai yawan murmushi ya fito ya ce yana neman shugabancin Amurka a inuwar jam'iyyar Dimokurat. Sunansa Jimmy Carter, gwamnan jihar Jojiya mai barin gado, manomin gyaɗa daga wani ƙauye da ake kira Plains, wanda mutanensa ba su kai dubu ba. Amsar da ya riƙa samu daga 'yan jarida da 'yan siyasa ita ce, "Jimmy wa?" Kuma ba raini ba ne kawai, da gaske ba a san shi ba. Shekara guda kafin nan ya shiga wani shirin talabijin na kacici-kacici inda ake cankar aikin baƙo, ya zauna fuskarsa a buɗe, yana gwamna mai ci, amma babu wanda ya gane shi cikin masu cankar.

To ta yaya irin wannan mutum ya kayar da sanatocin da suka shekara da shekaru a Washinton?

Sai mun koma 1968. A shekarar, Hubert Humphrey ya samu tikitin jam'iyyar ba tare da ya shiga zaɓen fid da gwani ko guda ba, iyayen jam'iyya ne suka miƙa masa, taron kuwa ya ƙare da dambarwa a titunan Shikago. Bayan wannan abin kunya aka sauya doka: daga yanzu yawancin daliget za su fito ne daga ƙuri'ar talakawan jam'iyya, jiha bayan jiha. Manyan 'yan siyasa sun ji labarin sauyin, amma jikinsu bai gaya musu ba. Wani matashin hadimin Carter mai suna Hamilton Jordan shi ne ya zauna tun 1972 ya rubuta wa maigidansa dabara: a shiga kusan kowace jiha, a fara da wuri, a zuba ƙarfi a jihohin farko. Ga kuma badaƙalar Watergate da ta tilasta wa Shugaba Nixon murabus a Agustan 1974. Jama'a sun ƙosa da duk wanda ke warin Washinton. Carter ya riƙa ce musu ba zai taɓa yi musu ƙarya ba, kuma rashin sanin nasa da ake yi wa dariya sai ya zama jari.

Yanzu mu je Ayowa, domin nan ne zancen yake. A wancan lokaci a jihar Ayowa ba a jefa ƙuri'ar fid da gwanin shugaban ƙasa a akwati. Abin da suke yi shi ake kira kokas, kuma a wajen 'yan Dimokurat ya yi kama da ƙato bayan ƙato da muka sani. Da daddare, cikin sanyin Janairu mai ratsa ƙashi, maƙwabta za su taru a ajin makaranta ko zauren coci ko ma falon wani, magoya bayan kowane ɗan takara su ware gefe guda, a ƙirga kawuna kowa na ganin kowa. Wanda mutanensa suka yi kaɗan, sai a yi ta zawarcinsu su koma wani rukunin. Mutane ƙalilan ne ke fitowa irin wannan taro, don haka wanda ya san su ɗaya bayan ɗaya ya fi mai tallar talabijin riba.

Carter ya gane haka. Tun farkon 1975 yake zarya a jihar, lokacin da ko dozin biyu ba ya tarawa. Shi ke ɗaukar jakar kayansa. Ba ya kama otal, a gidajen magoya baya yake kwana, da safe ya gyara gadon da kansa, daga baya ya aiko da wasiƙar godiya da rubutun hannunsa. Ku ƙaddara manomin masara ya tashi da asuba ya tarar da mai neman shugabancin ƙasa zaune a kicin ɗinsa suna hirar taki da farashin amfanin gona, kuma baƙon ya san abin da yake faɗa, tun da shi ma ɗan gona ne.

Ranar 19 ga Janairun 1976 aka yi kokas ɗin. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: Carter bai zo na ɗaya ba. Rukunin waɗanda suka ce ba su tsayar da kowa ba tukuna su ne suka fi yawa, kusan kashi 37 cikin ɗari. Carter ya samu kusan kashi 28, Sanata Birch Bayh ya biyo da kashi 13. Amma "ba mu tsayar da kowa ba" ba shi da fuskar da za a ɗauka hoto, ba shi da bakin da za a yi hira da shi. Carter kuwa a daren ma ba ya Ayowa, yana Niyok, ya shirya tsaf don shiga shirye-shiryen safe na manyan gidajen talabijin. Gari na wayewa ƙasa ta tashi da labarin cewa manomin gyaɗa ya lashe Ayowa. A ganina wannan dare shi ne rabin nasararsa, sauran duk ɗori ne.

A Niyu Hamsha, ranar 24 ga Fabrairu, 'yan jiharsa da ake wa laƙabi da Rundunar Gyaɗa suka zo da kuɗin aljihunsu suna bin gida gida cikin ƙanƙara. Ya ci da kusan kashi 28, ɗan majalisar wakilai Morris Udall na biye. Sa'a ma ta taimaka, don masu ra'ayin sauyi sun yi yawa a takarar, suka raba ƙuri'unsu, shi kuwa ya tsaya a tsakiya shi kaɗai. Mako guda bayan nan ya sha ƙasa a Masacusets, na huɗu ya zo.

Filorida ce ta wanke shi. George Wallace, gwamnan Alabama wanda ya yi suna wajen kare wariyar launin fata, shi ake ɗauka mai Kudu. Ranar 9 ga Maris Carter, ɗan Kudu kamarsa, ya kayar da shi, da taimakon ƙuri'un baƙar fata. Mahaifin Martin Luther King da Andrew Young, ɗan majalisa baƙar fata daga Jojiya, suna cikin waɗanda suka tsaya masa a wannan takara, kuma shaidarsu ta yi nauyi.

A Wiskonsin har gidajen talabijin sun ba Udall nasara, ya yi jawabin godiya ya je ya kwanta. Da ƙuri'un ƙauyuka suka iso cikin dare, sai ga Carter a gaba da ɗan ƙaramin rata, yana ɗaga jaridar da ta riga ta buga cewa ya faɗi. A ƙarshen Afrilu ya doke Sanata Henry Jackson a Fensilbaniya, duk da cewa shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago na bayan Jackson.

Daga nan manya suka farka, amma an riga an yi nisa. Gwamna Jerry Brown na Kalifoniya da Sanata Frank Church suka shigo a makare, kuma sun kayar da shi a jihohi da dama. Sai dai a sabon tsarin ko ka zo na biyu kana kwasar daliget, shi kuwa sunansa na kan takarda kusan ko'ina. Da ya ci Ohayo ranar 8 ga Yuni, Magajin Garin Shikago Richard Daley ya sallama, saura suka bi.

A watan Nuwamba ya kayar da Shugaba Gerald Ford da ƙuri'un wakilan zaɓe 297 da 240, kuma a 1978 ya sauka Legas, baƙon Janar Obasanjo. Amma kafin duk wannan, a watan Yulin 1976, ya hau mumbari a babban taron jam'iyya a Niyok don karɓar tikiti. Dubban daliget sun cika zauren. Ya jira tafi ya lafa, ya yi murmushin nan nasa, sannan ya buɗe jawabi da kalmomin da ya shekara biyu yana faɗa wa baƙin fuska a ƙofar masana'antu da shagunan aski: sunana Jimmy Carter, kuma ina takarar shugaban ƙasa.