Idan Za a Kai Ɗaliban Kimiyya Jami'a, Me Ya Kamata Su Gano?

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamai 'yan uwana, da iyayen da suka samu halarta, barkanmu da zuwa. An nemi in yi magana a kan ziyarar da makarantun sakandare kan kai 'yan ajin kimiyya jami'a.

Mu duka mun san yadda akasari take gudana. A cika mota da yara, a zaunar da su a babban ɗakin taro, wani babba ya kwashe sa'a guda yana jawabin maraba. Daga nan a jera su a bi ta ƙofofin ɗakunan gwaje-gwaje suna leƙe, ana ta jan kunnensu kada su taɓa komai. A ɗauki hoto, a juyo gida. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaro da yawa wannan ce kaɗai ranar da zai taka ƙafa inda ake binciken kimiyya kafin ya yanke shawarar abin da zai karanta.

Me jami'a take da shi wanda makarantarmu ba ta da shi? Za ku ce na'urori. Haka ne, amma akwai abin da ya fi su. A aji, duk gwajin da muke sa yara su yi an riga an san sakamakonsa. Idan launin ruwan bai canja ba, yaro ya san shi ne ya yi kuskure, domin amsar tana cikin littafi. Da haka yake tasowa yana zaton an gama kimiyya tun kafin a haife shi, nasa kawai hadda. A jami'a kuwa akwai mutanen da suke tashi kullum su tunkari tambayar da babu wanda ya san amsarta. Su nake so yaranmu su gani. Ku roƙi sashen da za ku ziyarta ya haɗa ku da ɗaliban digiri na biyu da na uku, a raba yaran biyar-biyar ko shida-shida, kowane rukuni ya tsaya a teburin mutum ɗaya. Ya buɗe musu littafin da yake rubuta aikinsa, su ga shafukan gwajin da ya ƙi yi, su tambaye shi abin da ya canja washegari.

Na'urorin ma, a nuna su tare da dalilinsu. Madubin ganin ƙananan halittu da muke da shi a makaranta da haske yake aiki, kuma komai kyansa ba ya iya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200, wato kashi ɗaya cikin dubu biyar na milimita. Yawancin ƙwayoyin bairas sun fi haka ƙanƙanta. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi mai amfani da ilektaron (ƙananan ɓurɓushin da ke ɗauke da lantarki) maimakon haske a Jamus, aikin da ya kai Ruska ga kyautar Nobel a 1986. Yaron da ya san wannan iyaka kafin ya je, in ya tsaya gaban na'urar ya san matsalar da ta zo warwarewa. Haka ruwan naitirojin, wanda yake tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili. Yara suna son ganin an tsoma fure a ciki ya farfashe, to a ƙara musu da cewa lita ɗaya tana zama iska kusan lita 700, shi ya sa ba a toshe mazubinsa, ba a kuma aiki da shi a rufaffen ɗaki.

Wannan ya kawo ni ga shiri. A 1978 John Falk da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa idan wuri ya yi wa yara baƙunta sosai, hankalinsu kan tafi ga kallon wurin, darasin ya wuce su. A 1994 Nir Orion da Avi Hofstein suka faɗaɗa batun da ɗaliban sakandare, suka ce baƙuntar iri uku ce: ta ilimin da za a tarar, ta wurin kansa, da ta abin da yaro yake tsammani a ransa. Malam, maganin yana hannunka. Mako guda kafin tafiya ka nuna musu hotunan wurin, ka gaya musu jadawalin ranar, ka koyar da darasin da ya shafi abin da za su gani, ka bayyana dalilin rufaffen takalmi da tabarau na kariya. Kowane yaro ya rubuta tambaya ɗaya tasa ta kansa, ya tafi da ita.

Ya kuma tafi da littafi da biro. A 1812 wani saurayi ɗan shekara 20, mai koyon ɗinkin littattafai a Landan, ya samu tikitin sauraron laccocin masanin kimiyyar sinadarai Humphry Davy a cibiyar Royal Institution. Bai yi nisa a makaranta ba. Ya rubuta abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinke shafukan ya aika wa Davy. A 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. Shi ne Michael Faraday, wanda a 1831 ya gano yadda motsin maganaɗisu ke haifar da lantarki, tushen kowane janareta da ke aiki a yau. Ba shi kaɗai ya zauna a ɗakin nan ba, amma shi ya koma ya yi aiki da abin da ya gani. Don haka ranar da aka dawo, a ware darasi guda cikakke, kowane rukuni ya bayyana wa sauran binciken da ya tarar da amsar da aka ba tambayarsa.

Akwai kuma batun waɗanda ake zaɓa. Idan kujerun mota ba su isa ba, mukan ɗebi na ɗaya zuwa na goma a aji. Ina roƙonku ku sake duba wannan. Yarinyar da take shiru a bayan aji, da yaron da lissafi yake ba wahala amma hannunsa ya iya gyara, su ma a ba su kujera, ko da za a raba tafiyar gida biyu.

Lokacina ya cika, shugaba. A nan zan dakata mu ji tambayoyi.