Wace sintesaiza ɗan koyo zai fara da ita?

An kwafo wannan rubutu daga rikodin ɗin laccar da wani tsohon mai haɗa kiɗa ya yi wa matasa masu koyon aikin situdiyo a Tudun Wada, Kaduna, wata Asabar da yamma. An rage maimaici, an kuma nuna wuraren da ya kunna sauti.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Tun a bakin ƙofa mutum uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya: Oga, wace sintesaiza zan sauke? Wato manhajar nan ta ƙera sautin kiɗa a kwamfuta. Ɗayansu har ya buɗe min laftof ɗinsa, na ƙirga guda goma sha huɗu a ciki. Na ce to ɗauki ɗaya ka yi min ƙarar sarewa daga tushe. Sai ya hau sosa ƙeya. Ba dariya nake maka ba ƙanena, ni ma na yi wannan zaman. An ce taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha huɗu.

Mu da piyano muka taso, Yamaha jerin PSR. Ka danna lamba, sarewa ta fito. Ka danna wata, ganga ta fito. Shi ya sa waƙoƙin wancan lokacin, na Kano ne ko na Kaduna ko na Jos, za ka ji sarewar duk ɗaya ce. Zaɓen sauti muke yi, ba ƙera shi ba. Kamar ka je Kasuwar Barci ka ɗauko rigar da aka riga aka ɗinka: in ta zauna maka to, in ba ta zauna ba haka za ka sa. Abin da kuka zo koya ɗinki ne. Firiset, wato sautin da aka riga aka haɗa maka, rigar gwanjo ce, sintesaiza keken ɗinki. Shi kuwa mai koyon ɗinki, keke ɗaya yake zama a kai har ƙafarsa ta saba.

Kowace sintesaiza, komai yawan maɓallanta, abu huɗu ne ƙashin bayanta. Akwai osileta, ita ke haifar da sautin. In ka ba ta siffar nan mai santsi da ake kira sayin, za ta ba ka murya tsantsa babu gauraye. In ka ba ta mai kama da haƙoran zarto, za ta ba ka muryar tare da duk 'ya'yanta, wato ƙananan muryoyin da ke samanta, shi ya sa take da kaifi. Sai filta, wadda rariya ce kawai: garin ya zo da tsaki, ka tankaɗe, ka bar abin da kake so. Sai enbelof, wanda ke faɗa wa sauti yadda zai shigo, ya sauka, ya tsaya, ya ɓace; shi ne haruffan ADSR da kuke gani kuna tsallakewa. Na huɗu LFO, hannu ne da ba ya gajiya, ka ɗora shi a kan kowane maɓalli ya yi ta murɗa maka shi gaba da baya. A kan wannan tsari aka gina Minimoog, wadda kamfanin Robert Moog ya fitar a 1970 a Amurka, kuma har yau daga nan ake farawa.

Daga baya aka samo wasu hanyoyin. John Chowning na Jami'ar Stanford ya gano cewa in ka sa osileta ɗaya ta girgiza wata da gudun tsiya, sautin ƙarfe da ƙararrawa ke fitowa. Shi ne FM, da shi Yamaha ta yi DX7 a 1983. Kada ku ɗauka tsohon labari ne. Gangar nan ta amapiano da ta cika muku kunne a gidajen biki, daga Fruity DX10 ta fito, 'yar ƙaramar sintesaizar FM da ke zaune cikin FL Studio ɗinku, manhajar haɗa kiɗa, ba ku taɓa leƙa ta ba. FL ɗin ma, af, ɗan Baljiyam ne na gaske, can kamfanin Image-Line yake, ba irin Baljiyam ɗin da ake sayar mana a kasuwa ba. (Dariya.) Sai kuma hanyar da Wolfgang Palm ya shahara da ita a Jamus da na'urarsa PPG Wave, inda ake jera siffofin sauti da yawa kamar shafukan littafi, kana buɗawa sautin na sauyawa. Ita ake kira webtebur.

To abin da za ku nema shi ne sintesaiza mai iya komai, ina nufin wadda ta haɗa waɗannan hanyoyin wuri guda. Amma wannan kaɗai bai isa ba. Ɗan koyo yana buƙatar wadda za ta nuna masa da ido abin da kunnensa ke ji. Saboda haka amsata, ba kwana-kwana, Vital ce.

Wani mai suna Matt Tytel ya fitar da ita a ƙarshen 2020. Akwai ta kuɗi, akwai ta kyauta, kuma injin ɗaya ne. Abin da ya raba su yawanci yawan firiset ne da webtebur, mu kuwa ba firiset muka zo nema ba. Osileta uku gare ta, filta biyu, da wurin ɗora sautin da ka naɗo. Abin da ya sa na fi son ta, in ka ja LFO ka ajiye a kan filta, za ka ga filtar tana rawa a gabanka. Ba sai ka yi hasashe ba.

Bari in gwada muku. Na buɗe ta a Init, wato babu komai sai zarto ɗaya. Kalangu nake so. Ku tuna yadda makaɗi yake yi: ya buga da makaɗinsa, sannan ya matse igiyoyin da hammatarsa, fatar ta ɗaure, muryar ta hau. Abu biyu ke nan, bugu da hawa. Na mayar da zarton sayin. Na je enbelof na farko, shigowa nan take, tsayawa sifili, sauka gajera. (Ya kunna.) Kun ji, tum, tum. Ganga ce, amma ba ta magana. Yanzu na ɗauko enbelof na biyu na ja shi kan tsayin muryar osileta, na sa ya hau a hankali, kaɗan kawai. (Ya kunna.) Yauwa! Kun ji ta fara gaisuwa. Saura ƙarar sandar a kan fata. Na kunna shuuu ɗin nan da ke wurin ɗora sauti, na yanke shi ya zama ɗan tas a farko. Wanda ya girma kusa da mahauta zai ce da sauranta, kuma gaskiyarsa, ba za ta kai ta hannu ba. Amma a minti uku kun ga aikin enbelof da idonku, kuma kunnenku ne alƙali, domin kalangu ba baƙonku ba ne.

Nan ne nake saɓa wa masu koyarwa a YouTube. Za su ce ka ƙera gurnanin bes irin na gidajen rawar Turai, sautin da ba ka san yadda ya kamata ya kasance ba, to ta yaya za ka san ka kuskure? Fara da abin da ka sani. Sarewa: sayin, ɗan iska, shigowa a hankali. Goge: zarto, filta ta rage kaifin, LFO ya ɗan karkaɗa muryar kamar yatsa a kan izga. Algaita ta fi su wuya, don muryarta ta hanci ce, sai ka matse siffar ka bar tsakiyar sautin kawai. Duk sintesaizar da ta yi maka waɗannan ukun da kalangu daga Init, ta ci jarrabawa.

Na san Serum ce a bakin kowa. Steve Duda na Xfer Records ya fitar da ita a 2014, ta biyu ta fito a Maris 2025. Tana da kyau ƙwarai, ba na musu. Amma ta farkon ma dala 189 aka riƙa sayar da ita, ku buga da canjin yau. Kuma duk abin da ka koya a Vital, ranar da ka samu kuɗin Serum za ka tarar da gida ne, kujeru kawai aka sauya wa wuri. Pigments ta kamfanin Arturia na Faransa ma haka, kyakkyawa ce, ta kuɗi ce, ta jira ka.

Na ga wasu suna murmushi, wai ai akwai kirak, wato kwafin sata. Ni ma na taɓa ba wani yaro filash ya zuba min. Ana saura kwana biyu biki, waƙar amarya tana ciki, kwamfutar ta ƙi tashi. Na kwana ina sake kiɗa daga farko, uwar amarya tana kira ina kashe waya. Tun daga ranar na tuba.

Akwai tambaya? Ƙanwata, bismillah.

(Wata daga cikin mahalarta ta ce: Malam, tawa laftof ɗin tsohuwa ce, ko FL ɗin ma da ƙyar take ja. Vital za ta yi a kanta?)

Tambaya mai kyau. Wannan rawar da Vital take nuna miki ba a banza take yin ta ba, tana cin ƙarfin kwamfuta, musamman in kika ninka muryoyi da yawa a osileta ɗaya. Fara gwadawa da murya ɗaya ko biyu. In har yanzu tana tsarƙewa, koma Surge XT. Claes Johanson ne ya rubuta ta, da sayar da ita ake yi, a 2018 ya saki lambobinta ga kowa, masu sa kai suka ci gaba da gina ta. Tana da zarto, tana da FM, tana da webtebur, ga firiset jibgi. Aibinta fuskarta a cunkushe take, ranar farko za ki ji kamar an ajiye ki a tashar Kawo ba ki san motar da za ki hau ba. Ki yi haƙuri da ita sati biyu, ki rufe ido ga komai sai abu huɗun nan da na lissafa. Wani abin kuma, tana karɓar jerin muryoyin da ba na piyano ba, wanda zai yi miki amfani ranar da kika naɗo mai goge kika ga muryarsa ta faɗa tsakanin maɓalli biyu.

Ita Vital sai kin yi rajista da imel a shafinsu kafin ki sauke. Surge kuwa lasisinta ya halatta a kwafa a ba wani, kuma tana nan a kwamfutata. Wanda bai da data ya kawo filash ɗinsa nan gaba, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma sai na duba shi tukuna.