Ƙofar da aka kulle a gidan tsofaffi: tsaro ne ko tsarewa?

Ƙarfe huɗu na yamma, a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila, wata dattijuwa mai ciwon mantuwa ta rataya jaka ta nufi ƙofa. Wai za ta ɗauko yaranta daga makaranta, yaran da yau sun haura hamsin. Ƙofar ba ta buɗuwa sai da lambobin sirri, kuma ma'aikata kaɗai suka san su. A bar ta ta fita mota ta kaɗe ta? Ko a tare ta, alhali ba ta yi wa kowa laifi ba? 'Yan Najeriya da ke wannan aiki a can sun san wannan tsaka mai wuya.

Dokar 2005 ta Ingila da Wales kan ikon yanke shawara (Mental Capacity Act) ta ce a ɗauki kowane baligi a matsayin mai iya yanke wa kansa shawara, sai in an tabbatar ba zai iya ba. Ta ƙara da abin da ke ba iyalai haushi: yin zaɓin wauta ba ya nufin hankali ya gushe. Tsoho mai ciwon suga da ya san illar zaƙi, ya ce shi dai a ba shi alewarsa, sai a yi masa nasiha a ƙyale shi.

Inda hankali ya raunana fa? A 1997 an riƙe wani mutum mai lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, a asibitin Bournewood da ke Ingila, aka hana masu riƙonsa ganinsa. Hujjar asibitin ita ce bai yi yunƙurin fita ba, saboda haka ba a tsare yake ba. A 2004 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye masa 'yanci ba bisa ƙa'ida ba. Daga nan aka fito da tsarin DoLS, wato matakan kariya kan tauye 'yanci, a 2009: kafin gida ya hana mutum fita, sai ƙaramar hukuma ta turo masu bincike daga waje, sannan a naɗa masa wakili da zai iya kai ƙara kotu.

A 2014, a shari'ar Cheshire West, Kotun Ƙolin Birtaniya ta sa ma'auni: in ana sa wa mutum ido dare da rana, kuma ba shi da ikon tafiya, to a tsare yake, komai daɗin wurin. Mai shari'a Lady Hale ta ce keji ko na zinare ne, keji ne. Cikin shekara guda takardun neman izinin tsare mutane suka tashi daga kimanin 13,000 zuwa sama da 130,000, suka taru jibgi a ofisoshi.

A ganina takarda ba ta taɓa kwantar wa tsohuwa hankali ba. Dokar 2005 ɗin ma cewa ta yi a nemi hanya mafi ƙarancin takura. Ƙarfen gefen gado da ake sa wa don hana faɗuwa yakan maƙale mutum, ko ya haura ya faɗo daga sama. Gado mai saukowa ƙasa da tabarmar da ke yin ƙara in an taka sun fi. Ita kuwa mai jakar nan, gogaggiyar ma'aikaciya ba ta ce mata "ba ki da yara a makaranta." Rigar sanyi take ɗaukowa, ta ce "Mama, mu je tare," su zagaya unguwa su dawo lokacin shan shayi.