Kafin ka ninka maganin ciyawa, dubi ruwan da ka zuba

Ga bidiyon da ke ta yawo a Facebook: ana zuba omo da gishiri a famfon feshi, wai don maganin ciyawa ya ƙara kaifi. Daga Sabon Gari har Kura maganar ɗaya ce, magani ya daina ci, sai a ninka yawan murfin maganin da ake zubawa. Malam manomi, tsaya tukuna.

A ce ga bokiti biyu a gabanka. Na farko ruwan kududdufi ne, ja wur. Gilaifoset, sinadarin da ke cikin maganin ciyawa na Roundup da danginsa, yana haɗuwa da laka sai ya manne mata, ya mutu tun a cikin tanki. Ka biya kuɗi, laka ta sha.

Na biyun kuma ruwan burtsatse ne, garau da shi. Amma in sabulu ba ya kumfa sosai a ciki, ko yana barin farin dattin nan a gindin tukunya, to akwai kalsiyam da magniziyam, wato ma'adinan ƙasa da ke narke a cikin ruwan. Su ma suna kama gilaifoset su hana ganye tsotse shi. A nan ne takin amoniyam salfet yake aiki, kuma a nan ake yawan kuskure. Bi wannan jerin da kyau. Ruwa rabin tanki. Sai amoniyam salfet, giram 160 zuwa 320 a famfo mai lita 16, a narkar a tace saboda kada ya toshe bakin feshi. A motsa. Sannan maganin ciyawa ya shiga, a cika ruwa. In ka fara zuba magani, aikin gama ya gama, takin ya zo a makare. Wallahi yana ba ni takaici in ga an saya duka biyun an juya jerin.

Saura da sauri: fesa ciyawa tana ƙarama, ba iska, ba hadari, da safar hannu da takunkumi, a ma'aunin da ke jikin kwalba.

To in duk ka yi haka amma wasu tsiraru suka tsira kore shar a tsakiyar matattu fa? Wataƙila sun riga sun jure maganin. Tun 1996 aka ga hakan a Ostireliya, kuma babu wani haɗi da ke warware shi. Sa fartanya ka cire su kafin su zuba iri, baɗi ka sauya magani mai wani sinadarin daban, ka bi masara da waken soya ko wake.