Cinikin da ya kuɓuce, da abin da Jack Dorsey ya yi da shi

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau kan wani Ba'amurke ne, Jack Dorsey, wanda da yawa daga cikinku kun san aikinshi ko da ba ku san sunanshi ba, don shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, wadda yanzu ake ce ma X. Amma ni wallahi ba Twitter ce ta sa na ɗauko zancenshi ba, wani abu ne da na gani da idona a babbar kasuwar Maraɗi.

Ina zaune a shagon wani mai atamfa sai ga wata hajiya daga Tibiri, ta zaɓi turmi uku za ta haɗa lefen ɗanta, aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita, sai ta ce kuɗin fa suna cikin salula, ɗan nata ne ya turo mata. Mai shago ya ce Hajiya ni a hannu nike amsa, ki je ki ciro. Ta aiki yaro wajen mai cire kuɗi, yaro ya dawo ya ce babu rezo, ya koma wani wurin aka ce kuɗi sun ƙare sai an jima. Hajiya ta duba rana, ta ce Alhaji mota za ta tafi ta bar ni, sai wani jiƙon. Mai shago ya ninke atamfofinshi ɗaya bayan ɗaya ya maida kan kanta, bai ce komi ba, amma fuskarshi ta faɗi komi. Ga kaya, ga mai saye, ga kuɗi, an rasa hanyar da za su haɗu.

To irin wanga abu ne sak ya haifi kamfanin Dorsey na biyu. An haife shi a 1976 a birnin St. Louis na Amurka, tun yana yaro abin da ke burge shi shi ne yadda motocin haya da na kai saƙo ke zirga-zirga cikin gari, har ya rubuta manhajar da ke tsara musu hanya tun bai gama sakandare ba. A watan Maris na 2006 ya tura saƙon farko a Twitter, kuma haruffa 140 da aka ƙayyade a lokacin ba don ado ba ne, saboda saƙon salula ne da ba ya wuce haruffa 160. Shekara biyu kacal, a 2008, abokan tafiyarshi suka sauke shi daga kujerar shugabanci. Kamfanin da ka kafa da hannunka fa.

A cikin wannan zaman ne abokinshi Jim McKelvey, mai sana'ar ƙera kayan gilashi, ya kawo mishi kuka. Wata ta zo sayen kayanshi na wajen dala 2,000, dalar Amurka nike nufi ba dalarmu ta sefa ba, ta miƙo katin banki, shi kuma ba shi da na'urar amsar irin wannan katin, ciniki ya tashi. A Amurkar ma a lokacin ƙaramin ɗan kasuwa sai ya sha wuya kafin a ba shi na'urar amsar kati, takardu da kuɗin wata-wata da sharuɗɗa barkatai. Su biyu suka zauna a 2009 suka kafa Square, suka ƙera ɗan wani abu fari mai kusurwa huɗu, bai kai ashana girma ba, ana cusa shi a ramin da ake sa abin kunne na salula, a goga kati, kuɗi su shiga. A lokacin na'urar kyauta suke bayarwa, su kuma su cire kashi 2.75 cikin 100 na kowane ciniki. Mai shayi, mai aski, mai tebur a bakin titi, kowa ya samu shiga. A 2013 suka ƙaro manhajar da ta zama Cash App, ta tura kuɗi tsakanin mutum da mutum.

Sauran tarihin kun ji shi a labarai. A 2015 ya koma shugabancin Twitter yana riƙe da kamfani biyu lokaci guda, a 2019 ya zo Afirka har da Najeriya da Ghana da Habasha, a ƙarshen 2021 ya bar kujerar Twitter ya canza ma Square suna zuwa Block, a 2022 kuma Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44. Ba komi nashi nike yabawa ba, yadda ya rungumi Bitcoin, kuɗin nan na intanet, hannu bibbiyu ni dai ba zan ce ma ɗan kasuwar da jarinshi bai wuce jika ɗari ba ya bi shi, abin da farashinshi ke hawa da sauka dare ɗaya ba wurin ajiyar gumin talaka ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne matasanmu. Muna da yara a garin ga da suka iya kwamfuta ƙwarai, wasu sun fito jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wasu a intanet suka koya da kansu, amma in ka zauna da su kowa burinshi ya buɗe shafi ya tara mabiya. Ba laifi ba ne, shi ma Dorsey daga can ya faro. Sai dai ku duba, Twitter ta ba shi suna, amma abin da ya taɓa aljihun ƙaramin mai sana'a ya fito ne daga kukan aboki guda da ya rasa ciniki guda. Mu kuma a nan irin wanga kuka kullum ana yin shi. Mai kabu-kabu da fasinja suna rigima kan canjin dala ashirin. Ɗan kasuwar da ke sarin kaya a Jibiya ko Katsina ko Kano, ya bi ta Ɗan Isa da sefa a aljihu, sai ya tsaya wajen 'yan canji ya maida naira, kowace juyawa da abin da ke zubewa, ga tsoron hanya. Kun tuna farkon 2023 bayan an canza takardun naira, tsabar kuɗi suka ɓace a Najeriya, yadda abin ya girgiza har kasuwanninmu na bakin iyaka.

Kuma kar wani ya ce zai kwafo na'urar Square ya kawo, mutum nawa ke yawo da katin banki a Maraɗi? Mu namu bankin salula ce, da su Airtel Money da Nita da Amana da Al Izza da kowa ya sani. Turawa da cirewa mun iya, inda gizo ke saƙa shi ne biyan kuɗin kaya kai tsaye, ta yadda mai shagon da bai yi boko ba zai ji a kunnenshi da Hausa cewa kuɗi sun shigo, ya yarda, ba tare da ya ji tsoron saƙon bogi ba.

Na koma shagon mai atamfar bayan kwana biyu, na ce Alhaji hajiyar nan ta dawo kuwa? Ya girgiza kai, ya nuna mini turmi ukun suna nan inda ya ajiye su.